Amanar Biskit a Ranar Guguwa

Tun da na dawo Agege ban samu na sarara ba. Duk wadda ta zo sayen waina sai ta ja benci ta zauna ta ce in ba ta labarin Amurka, alhali ba Amurkar ce ta dame ta ba, labarin kare take so. Iya Sikira mai burodi ce ta ja mini, don tun kafin in kwance kaya ta gama baza wa layinmu, da Hausa da Yarabanci, cewa Hajiya Ladi ta je ƙasar Turawa ta zama mai renon kare. Yadda take faɗinsa sai ku ɗauka aikin da ya kai ni ke nan. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya in sa a zaurenmu na waya, kowa ta karanta a ɗakinta, ni kuma in samu in juya wainata kafin ta ƙone.

Abin da ya kai ni haihuwar Bilkisu ce, 'yata ta biyu, wadda ke aure a Houston. Haihuwar fari ce, kuma da komai ya tafi yadda muka saba, ita ce za ta zo wankan gida in kula da ita a ɗakina. Sai mijinta Nasiru ya ce likita ya hana ta doguwar tafiya da tsohon ciki. Aka juya abin, uwa ta bi 'ya.

Wasunku sun ga irin shirin da na yi. Jar kanwa, garin kunu, yajin daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, har da ganyen darbejiya da na shanya don wanka. Maigidana Alhaji kuma ya je kwata wurin abokansa mahauta ya sa aka yi kilishi na musamman, wai surukinsa ya ci ya tuna gida. Ranar tafiya ya matsa mu fita da wuri saboda gosulo, cunkoson motocin nan, na ce masa filin jirgin Ikeja ne fa za mu, ba Kano ba. Ashe shi ke da gaskiya. Wata motar haya, danfo, ta mutu a tsakiyar titi, direba da kwandasta suka tsaya zagin juna maimakon su tura, mu kuma muna zaune muna kallon jirage suna tashi ta saman kanmu. Da muka isa da ƙyar aka ɗora jakata a sikeli aka ce ta yi nauyi. Nan ƙasa na baje kayana a gaban jama'a, na zare zannuwa biyu na ɗaura a kan na jikina, sannan na zaro ɗan ƙaramin turmin da na ɓoye a tsakiyar kaya na miƙa wa Alhaji. Ya kalli turmin, ya kalle ni, ya rungumi abinsa ya koma gida.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Madam Ngozi, mai shagon fitilu a kasuwar Alaba. Ita ma jegon 'yarta za ta, kuma ba zuwanta na farko ba ne, don haka ta mai da ni ɗalibarta. Da Turancin buroka muka yi ta hira. Ita ta nuna mini yadda ake ɗaure bel, ita ta kwantar mini da hankali da na fito daga ban-ɗakin jirgi a firgice, don da na danna abin ya yi wata irin ƙara na ɗauka da ni zai haɗa ya zuƙe. Abinci kuwa ba a cewa komai. Wani ɗan dunƙulen burodi suka ba mu mai sanyi ƙarara, wanda da Iya Sikira za ta sayar da irinsa da tuni an kore ta daga Agege. Da Madam Ngozi ta ji garin da zan sauka sai ta ce lokacin iska na zaɓa, in shirya. Na yi dariya na ce mata mu da ruwa ke shigo mana ɗaki duk damina, mu ɗora katifa a kan tebur mu ci gaba da girki, wace iska kuma za a nuna mana?

Rigimata da karnukan ƙasar nan tun a filin jirgi ta fara. Ina tsaye da jakata ina jiran a ce in wuce, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da rigar aiki, ya zo ya shinshina ta ya zauna a gabanta kamar ya zo gaisuwa. Na ce masa kai, tafi can. Ashe ma'aikaci ne, kuma ƙarata ya kai. Aka ja ni gefe aka buɗe jakar. Kilishin Alhaji ya tafi, ganyen darbejiya ya bi shi. Kanwa kuwa ogansu ya yi ta juya ta yana kallona, sai da na gutsura na sa a baki na nuna masa ba abin mutuwa ba ce, ya yi murmushi ya mayar mini. Shi kuma karen aka ba shi lada a gabana ya cinye. Wannan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Nasiru ya ɗauke ni zuwa gida. Na tarar da Bilkisu lafiya, da sabon angona jawur da shi a cikin shawul, ai duk gajiyar hanya sai ta bi iska. Gidan nasu kyakkyawa ne, amma na katako, in kin ƙwanƙwasa bango sai ya amsa kamar fankon akwati. Ba katanga a gaba, ba mai talla, ba ƙarar okada, kiran salla ma sai dai waya ta yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne barka. A nan in mace ta haihu, kafin a yanke cibi tsakar gida ta cika. Can kuwa sai dai saƙo ta waya, sai 'yan gida Najeriya da ke leƙowa ranar hutu. Duk layin nan mutum ɗaya ce ta taka ta zo, maƙwabciyarsu Madam Doris.

Tsohuwar Baturiya ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu take dogarawa da hannu biyu in za ta yi tafiya, ga 'yar roba a hancinta da ke taimaka mata numfashi. Hula ta saƙa wa jariri da hannunta ta kawo. Na ji daɗin abin har raina, na tashi zan tarbe ta, sai na ga wani abu fari mai gashi ya leƙo ta tsakanin ƙafafun ƙarfen. Bai fi kyanwa girma ba, gashi ya rufe masa ido, ga riga mai ratsi a jikinsa. Sunansa wai Biskit. Na tattare zanina na koma kujera na naɗe ƙafafu. Bayan ta tafi Bilkisu take gaya mini mijin matar ya daɗe da rasuwa, ba su taɓa haihuwa ba, kuma ba wanda ke zuwa wurinta. Ta ce Biskit ɗin nan shi ne danginta gaba ɗaya. Na ce Allah ya kyauta, a raina kuwa dariya nake. Da Nasiru ya kai ni kanti na ga layi guda cur na abincin karnuka, har da buroshin haƙori, sai na ce lallai mutanen nan sun rasa abin yi.

Muna cikin wanka da kunun kanwa lafiya lau sai talabijin ta fara nuna wani farin abu yana juyi a kan teku, wai guguwa ce ke tahowa. Gari ya rikice. Mutane suka yi ta kwasar ruwan roba da burodi, ana buga katako a tagogi. Nasiru ya ce mu cika bahon wanka da duk wani mazubi da ruwa, na ce wannan kam ba sai an koya wa 'yar Legas ba. Shi ma'aikacin jinya ne, kuma an ce duk wanda ke bakin aiki ba zai dawo gida ba sai iska ta wuce. Ya yi mana addu'a ya tafi, ya bar ni da mai jego da jariri.

Ana gobe iskar za ta iso aka ƙwanƙwasa ƙofa. Bilkisu tana shayarwa, don haka ni na buɗe. Madam Doris ce, ga mota a bakin titi tana jiranta. Ta yi ta zuba Turanci ta hanci, ban tsinci ko ɗaya ba, amma na ga idonta ya kawo ruwa. To ku kun san yadda muke. Maƙwabciya ta tsaya a ƙofarki da buƙata, ba sai kin ji mece ce ba. Na ce mata, "No wahala." Sai kawai ta damƙa mini igiya a hannu, ta haɗa hannuwanta biyu ta riƙe nawa, ta sunkuya da ƙyar ta sumbaci kan abin nan, ta juya. Na duba ƙasa na ga Biskit yana kallona ta cikin gashi.

Bilkisu ta fito ta ji bayani daga direban, ta dawo tana danne dariya.

"Mama, kin san abin da kika amsa? Asibiti za a kai ta saboda injin numfashinta ba ya aiki in an ɗauke wuta, kuma ba a shiga da dabba can. Ta ce ba ta da kowa sai shi, ta bar miki shi amana."

Na ce to, na riga na amsa, Allah ya ba mu ikon riƙewa. Aka shigo da jakarsa, wadda ta kusa kai tawa: abinci, bargo, magani, har da 'yar tsana.

Washegari da hantsi sama ta yi wani irin duhu, ko ganye ba ya motsi. Biskit ya ƙi zama, duk inda na sa ƙafa yana nan. Da azahar ta yi na shimfiɗa darduma, sai ga shi ya zo zai hau. Na san malaminmu na Islamiyya ya taɓa cewa jikin kare mai rai ba najasa ba ne a mazhabarmu, amma ni yadda na tashi na gani, kare a waje yake, shi ke gadi, in hadari ya taso shi ya san inda zai fake. Ban taɓa ganin karen da ruwa ya ci a Agege ba. Bayan gidan kuma da shingen katako kewaye. Sai na buɗe ƙofar baya na tura shi a hankali da bakin tsintsiya, na ce ya je ya sha iska kafin in idar. Wallahi ban yi da mugunta ba, gani nake ma gata na yi masa.

Ina raka'a ta uku iskar ta iso. Jama'a, na janye abin da na gaya wa Madam Ngozi. Wannan ba irin tamu ba ce mai kwashe kwanon rufi biyu ta wuce. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki kuka, wuta ta ɗauke, ruwa yana tafiya a kwance maimakon ya sauko. Ina sallamewa Bilkisu ta fito rungume da jariri.

"Mama, ina Biskit?"

"Yana waje, inda ya kamata."

"Mama, karen nan tun da aka haife shi bai taɓa wuni a waje ba. Tsawa kaɗai sumar da shi take."

Na leƙa ta ƙofa. Shingen ya faɗi ta gefe guda, ba kare ba alamarsa. Ba karen na fara tunawa ba, hannuwan tsohuwar nan na tuna a kan nawa. Da wane baki zan gaya mata? Bilkisu ta riƙe ni tana cewa ba a fita a irin wannan, na ce ta koma ciki ta rufe ƙofa, ni na karɓa ni zan nemo.

Da na fita iska ta cika mini hijabi ta nemi tashi da ni, dole na tuɓe shi na bar mata. Na bi jikin bango ina kiran Biskit, ni kaina ba na jin muryata. Sai na yi tunani, yaro in ya tsorata ɗakin uwarsa yake nufa. Na rarrafa ta inda shingen ya faɗi na shiga harabar Madam Doris. Can ƙarƙashin matakalar barandarta na hango wani abu kamar jiƙaƙƙen soso yana karkarwa. Na kwanta rub da ciki a cikin laka, ni Ladi, da girmana da jikokina, na miƙa hannu na cafko wuyan rigarsa na jawo shi.

Komawa ce ta zama aiki. Sai da hannu biyu zan iya riƙe shinge, ga kare a hannu ɗaya yana zillo. Ban tsaya shawara da kowa ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na sunkuya na cilla shi a baya, na kwance zanin sama na yafa masa na tamke a ƙirji, na ƙara ɗaurewa a ciki. Haka na rarrafo gida da goyona. Da Bilkisu ta buɗe ƙofa ta gan mu, kuka take son yi amma dariya ta ci ƙarfinta.

Wata rigimar kuma sabuwa. Wai a ƙa'idarsu in iska ta yi tsanani ban-ɗaki ake shiga a zauna, don ba shi da taga. Na ce sam, ba da ni ba. Ɗanyen jariri a ban-ɗaki? Kuma wurin da ba a ambaton sunan Allah, a ranar da ba mu da abin yi sai ambatonsa? Muka daidaita a kan ɗan siton abinci da ke ƙarƙashin bene. Muka shige, mu da buhun shinkafa da garin kununa, muka ja ƙofa.

Na kwance goyo na sauke shi a kan bargonsa. Ai kuwa tsawa na faɗowa ya fasa wani ihu siriri, jikinsa na ɓari kamar zai tarwatse, jariri ya farka ya taya shi. Bilkisu ta ba shi 'yar tsanarsa, ya ƙi. Ta yi masa Turanci, ya ƙi. Na ce miƙo shi nan. Na sake goya shi na tamke da kyau, na shiga jijjiga ina ɗan bubbuga shi ta baya. Kafin wani lokaci karkarwar ta ragu, ya sa haɓarsa a kafaɗata ya yi lamo. Haka muka wuni muka kwana, Bilkisu da nata a gaba, ni da nawa a baya, muna ta salati gidan yana girgiza. Na ji tsoro ranar, tsoron da ban taɓa ji ba, amma duk sanda na kalli 'yata ta kalli bayana sai mu tuntsire da dariya. Lokacin salla in miƙa mata shi a naɗe cikin tawul, in canja kaya in yi, in idar in karɓi abina.

Da gari ya waye iska ta kwanta muka fito. Gidanmu ya tsira, sai 'yan fale-falen rufi da suka tafi. Gidan Madam Doris kuwa, babbar bishiyar ƙofarta ta faɗo ta rusa barandar, daidai matakalar da na ciro Biskit. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin.

Kwanakin da suka biyo baya ba wuta, kuma a nan ne na ga Turawa sun rasa inda za su sa kansu. Ni kuwa na jawo murhun da Nasiru ke gasa nama na hura gawayi na ɗora ruwa, wankan jego ko na rana ɗaya bai faɗi ba. Maƙwabta suka ga hayaƙi suka fara fitowa da naman da ke neman lalacewa a firij, ni kuma ina barbaɗa yaji ina gasawa. Wani ƙato mai jan gemu ya ci ya yi ta hawaye yana miƙo faranti a ƙara masa. A kwanakin nan Bilkisu ta san sunayen mutanen da ta shekara tana wucewa ba gaisuwa.

Nasiru ne ya dawo da Madam Doris bayan an kawo wuta. Gidanta ba ya zaunuwa, ana maganar a kai ta wani masauki, na ce a gaya mata a garinmu ba a yin haka, ga ɗaki nan. Ko kallon rusasshiyar barandar ba ta yi ba, idonta na kan ƙofarmu. Da Biskit ya fito a guje ya faɗa ƙafafunta, sai ta zauna a kujera ta rungume shi ta ƙi ɗagowa. A lokacin na sauke wata ajiyar zuciya da na kwana biyu ina riƙe da ita.

Bilkisu ta so a bar maganar fitar da shi waje, na ce a'a, mai amana sai ta ji yadda aka yi da amanarta. Ta fassara mata tas. Matar ta kafe ni da ido, na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta tambaya wai ta yaya na iya ɗauko shi a cikin iskar nan, kuma me na ba shi ya yi shiru, don ita duk sanda aka yi tsawa ba ta iya ɗaukarsa, hannuwanta biyu na kan ƙarfe, sai dai ta zauna a ƙasa su yi ta kuka tare.

Bayani ba zai yi ba, sai na ce ta miƙe. Na ɗauko zani mai laushi a jakata, Nasiru ya riƙe ta ta ɗan sunkuya, na ɗora mata Biskit a baya. Na zagayo da zanin ta ƙarƙashin hammatarta, na kauce wa robar numfashin, na soke mata a ƙirji ba da ƙarfi ba. Ta kama ƙarfenta da hannu biyu ta taka, ta sake takawa, har ta kai bakin taga. Biskit ya sa haɓa a kafaɗarta ya lumshe ido. Ta tsaya cak a wurin, ta faɗi wata magana a hankali ba ta juyo ba.

Na tambayi Bilkisu me ta ce.

"Ta ce ba ta taɓa sanin ana jin bugun zuciyarsu ta baya ba."

Ni da na goya biyar har bayana ya gaji, ban taɓa tsayawa na lura da haka ba. Tausayinta ya kama ni, na juya kamar ina gyara ɗankwali don kada yaran su ga idona. Sannan na ce Bilkisu ta gaya mata ta matso in nuna mata yadda ake sokewa da hannu ɗaya, don ta iya da kanta in na tafi.